Tsakuwar Ƙoda Da Ta Mafitsara: Abinci Mai Araha Da Zai Kare Uwa Da Ɗanta

Duk wadda ta taɓa fama da tsakuwar ƙoda ba ta mance ranar da ciwon ya taso mata. Ciwo ne da ke kama kwiɓi farat ɗaya, ya gangaro zuwa mara, ya hana zaune ya hana tsaye. Matan da suka haihu kuma suka yi wannan ciwo sukan kwatanta zafinsa da na naƙuda. Idan ya samu mace tana da juna biyu, damuwar ta zama biyu, domin yana iya jawo zazzaɓi mai tsanani, ya kuma tayar da naƙuda tun ciki bai isa haihuwa ba.

Da zarar likita ya ambaci tsakuwa, tambayar farko da iyalai kan yi ita ce: to me za ta ci, kuma nawa zai ci mana? Wasu sun ɗauka sai an koma sayen abincin kanti mai tsada. Gaskiyar magana ita ce mafi yawan abin da ke kare mutum daga wannan ciwo yana cikin randa da tukunyar gidansa. A wannan fitowa za mu duba yadda tsakuwar ke samuwa, da abin da ya kamata mai ciki ta ci ko ta rage, da kuma yadda za ta kare ɗan da za ta haifa.

Mece ce tsakuwar fitsari?

Aikin ƙoda shi ne tace jini. Tana fitar da dattin jiki da sinadaran da suka yi yawa, ta haɗa su da ruwa su zama fitsari. Daga kowace ƙoda akwai siririn bututu da ke kai fitsarin zuwa mafitsara, inda yake taruwa kafin a fitar da shi.

Ki ɗauki misalin gishirin da aka jiƙa a kwano. Muddin ruwan yana da yawa, ba za ki ga gishirin ba. Idan aka bar kwanon a rana ruwan ya ƙafe, sai ki ga gishirin ya fito ya kama gindin kwano. Haka abin yake a ƙoda. Idan fitsari ya yi kauri saboda ƙarancin ruwa, ko kuma sinadaran suka fi ƙarfin ruwan, sai su fara daskarewa kamar yashi. Yau da gobe yashin ya haɗu ya zama tsakuwa. Wata ba ta wuce ƙwayar gero ba, wata kuwa a mafitsara takan kai ƙwan kaza.

Tsakuwar ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta fi yawa, wato kusan bakwai zuwa takwas cikin goma, ita ce ta sinadarin kalsiyam da ya haɗu da wani sinadari mai suna okzalet, wanda ake samu a wasu ganyaye. Akwai ta yurik asid, sinadarin da jiki ke samarwa idan ya sarrafa nama, musamman kayan ciki. Wannan ta fi kama masu ƙiba da masu ciwon suga. Akwai wadda ƙwayoyin cutar sanyin fitsari ke haddasawa, kuma ta fi samun mata. Sai wata 'yar kaɗan da ake gado. Wanda ya taɓa yin tsakuwa sau ɗaya, idan bai sauya ci da shansa ba, kusan rabin irinsu takan dawo musu cikin shekara goma.

Darasi daga wani kare

Masana sun ƙaru sosai game da wannan ciwo ta hanyar nazarin wani irin kare na ƙasashen Turai da Amurka mai suna Dalmeshiyan, fari mai ɗigo-ɗigon baƙi, wanda ya samo sunansa daga yankin Dalmeshiya na ƙasar Kuroshiya. A shekarar 1916 wani masani ɗan Amurka, Stanley Benedict, ya gano cewa fitsarin wannan kare cike yake da yurik asid, saɓanin sauran karnuka. Hantar sauran karnuka tana juya wannan sinadari ya koma wani abu mai saurin narkewa a ruwa. Shi kuwa Dalmeshiyan, sinadarin ba ya iya shiga cikin hantarsa yadda ya kamata balle a juya shi, don haka sai ya fita a fitsari yadda yake, ya riƙa daskarewa a mafitsara. Mazan sun fi shan wahala saboda hanyar fitsarinsu siririya ce, tsakuwa takan toshe ta. A shekarar 2008 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke garin Debis suka gano ƙwayar halittar da ke jawo haka.

Abin da ya sa muka kawo labarinsa shi ne, ta wannan fuska ɗan Adam ya fi kama da Dalmeshiyan a kan sauran karnuka, domin mu ma jikinmu ba ya juya yurik asid. Masu kiwon wannan kare sun daɗe suna kokawa da tsadar abincin musamman da ake sayar musu. Amma idan aka duba shawarar da likitocin dabbobi ke ba su, ginshiƙinta ba mai tsada ba ne: a guji hanta da ƙoda da sauran kayan ciki da kifin sadin, a samar masa abin gina jiki daga ƙwai da dangin madara, a jiƙa abincin da ruwa don ya sha ruwa ko bai so ba, a kuma riƙa fitar da shi ya yi fitsari a kai a kai. Wato sanin abin da ke cikin kwano shi ne kan gaba, farashi na biye. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye.

Me ya sa mai ciki za ta kula?

Ciki yana sauya yadda ƙoda ke aiki. Yawan jinin da take tacewa yakan ƙaru da kusan rabi, kalsiyam da yurik asid da ke fita a fitsari su ma su ƙaru. Bugu da ƙari, sinadaran ciki suna sassauta bututun fitsari, mahaifa kuma tana danne shi yayin da take girma, musamman na ɓangaren dama. Sai fitsari ya riƙa tafiya a hankali yana kwanciya. Fitsarin da ya kwanta kuwa yana ba yashi damar haɗuwa, yana kuma ba ƙwayoyin cuta wurin hayayyafa. Wannan ne ya sa mafi yawan masu cikin da ciwon ke tasowa, yakan taso ne daga wata na huɗu zuwa sama.

Ga kuma yanayin ƙasarmu. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40 a garuruwan arewa da dama, ruwan jiki ya tafi a gumi. Lokacin hunturu kuma iska ta bushe, ƙishirwa ta ragu, mutum ya wuni bai sha kofi uku ba. Ga laulayi da amai a farkon ciki. Ga matan da ke rage shan ruwa da gangan don gudun yawan zagayawa, musamman ranar awo ko ranar tafiya a mota. Kowanne daga cikin waɗannan yana sa fitsari kauri.

Ruwa shi ne magani na farko

Babu abin da ya kai ruwa hana tsakuwa, kuma babu abin da ya kai shi araha. Ga wadda ta taɓa yin tsakuwa, likitoci na so fitsarin da take fitarwa a wuni da kwana ya kai lita biyu da rabi. Kafin a samu haka sai an sha kamar lita uku, wato ledar fiya wata shida mai rabin lita, a lokacin zafi ma fiye da haka.

Kada a haɗa shi a sha lokaci ɗaya. Ki sha kofi ɗaya da kin tashi da asuba, ki sha da kowane abinci, ki sha tsakanin abinci, ki kuma sha kafin ki kwanta, domin da dare ne fitsari ya fi kauri. Ki ware jarka ko buta mai tsabta da kika san yawan abin da take ci, ki cika ta da safe, don ki san inda kika kwana. Idan kina shakkar tsabtar ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, ki tafasa shi ya huce a randa mai murfi.

Fitsarinki zai gaya miki gaskiya. Idan ya fito fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, ruwan ya isa. Idan ya yi duhu kamar shayi, jiki na neman ƙari. Sai dai ki sani wasu ƙwayoyin bitamin da ake bayarwa a awo suna sa fitsari ya yi ɗorawa shar, wannan ba abin tsoro ba ne.

Matsa lemon tsami a ruwan sha yana taimakawa, domin yana ɗauke da sinadarin sitiret da ke hana yashin haɗuwa. Kankana da gurji da kokwamba da lemon zaƙi duk suna ƙara ruwa a jiki. Idan kina da ciki kuma kin taɓa yin tsakuwa, ki tattauna da likita kafin azumi ya kama. Wadda kuma likita ya iyakance mata shan ruwa saboda ciwon zuciya ko gazawar ƙoda, ta tsaya a kan abin da ya faɗa mata.

A rage hannu a gishiri da dunƙule

Duk lokacin da ƙoda ke fitar da gishirin da ya yi yawa, tana jan kalsiyam tare da shi zuwa cikin fitsari. Yawan gishiri ke nan yana ƙara kayan ginin tsakuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma wannan lissafi ya haɗa da gishirin da ke ɓoye a cikin abinci.

A girkinmu gishirin ya fi ɓuya a dunƙulen miya, wanda kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Ga garin ɗanɗanon da ke zuwa cikin ledar taliyar yara, ga yajin tsire da na kilishi, ga kifin gwangwani. Uwargida takan jefa dunƙule huɗu ko biyar a miya, sannan ta bi da gishiri. Ki gwada rage rabi, ki cike gurbin da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da garin busasshen kifi. Cikin mako biyu zuwa uku harshen mutanen gida zai saba, kuɗin cefane ma ya ragu. Ɗan gishirin da za ki sa kuwa ya kasance mai sinadarin aidin, domin ƙwaƙwalwar jariri na buƙatarsa.

Kanwa ma dangin gishiri ce, tana ɗauke da sodiyam mai yawa. Jiƙa kanwa a sha da sunan wankin mara, ko yawan kunun kanwa lokacin jego, yana ɗora wa zuciya da ƙoda nauyi. A bar ta a ɗan abin da girki ke buƙata.

Kada ki daina shan nono

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Da sun ji cewa tsakuwar ta kalsiyam ce, sai su hana maras lafiya nono da madara. A da likitoci ma haka suke cewa, har bincike ya nuna akasin haka. A shekarar 1993 masana a Jami'ar Habad ta Amurka suka fitar da sakamakon bin diddigin maza fiye da 45,000, inda suka ga waɗanda ke samun kalsiyam sosai a abinci sun fi tsira daga tsakuwa. A shekarar 2002 kuma likitoci a garin Farma na ƙasar Italiya suka raba maza 120 masu yawan yin tsakuwa gida biyu. Sittin aka rage musu kalsiyam. Sittin aka bar musu kalsiyam yadda yake, aka rage musu gishiri da nama. Bayan shekara biyar, tsakuwa ta dawo wa mutum 23 a rukunin farko, a na biyu kuwa mutum 12 kawai.

Dalilin shi ne, idan kalsiyam ya haɗu da okzalet tun a cikin hanji, sai su kama juna su fita a bayan gida. Idan babu kalsiyam a abincin, okzalet ya samu hanya ya shiga jini, ya isa ƙoda, can ya haɗu da kalsiyam ɗin jiki su zama tsakuwa.

Mai ciki kuwa buƙatarta ta fi ta kowa, tunda da kalsiyam ake gina ƙashin jariri. Fura da nono, kindirmo, cuku, madarar gari da miyar kuka duk hanyoyi ne masu sauƙin kuɗi. Abin lura shi ne a tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara na iya ɗauke da cututtukan da ke cutar da ciki. Idan an rubuta miki ƙwayar kalsiyam a awo don kariya daga hawan jinin ciki da jijjiga, ki sha ta tare da abinci, ki raba lokacinta da na ƙwayar ƙarin jini, kuma ki sanar da likita idan kin taɓa yin tsakuwa.

Ganye da nama

Ganye abinci ne mai amfani ga mai ciki, kuma ba a hana ta shi. Sai dai alayyafo yana cikin masu yawan okzalet. Gyaɗa, riɗi, dankalin Hausa, garin koko na cakulan da shayi mai kauri su ma suna da nasu. Wadda ba ta taɓa yin tsakuwa ba, ta ci abinta daidai wa daida. Wadda ta taɓa yi, ta bi waɗannan hanyoyi: ta tafasa alayyafo ta zubar da ruwan farko kafin ta sa a miya, domin okzalet da yawa kan fita a ruwan, ta riƙa sauyawa da kabewa, kabeji, karas da kuka, ranar da ta ci ganyen kuma ta haɗa da ɗan nono ko kindirmo a zama ɗaya. Shayi a yi shi tsarara, a zuba madara.

Game da nama, mai ciki na buƙatar abin gina jiki kullum, don haka ba a ce ta bari ba. Wanda ya fi tara yurik asid shi ne kayan ciki: hanta, ƙoda, zuciya, saifa da romonsu, sai kifin sadin. Mun san kayan ciki sun fi tsoka araha a wurin mahauta, kuma ana yawan ba mai ciki hanta don ƙarin jini. To a sani hanta tana da bitamin A mai yawan gaske, wanda yawansa ke iya cutar da ɗan tayi a watannin farko. Ƙwai, wake, nono da ɗan yankan tsoka ko kifi sun wadatar, kuma ƙwai da nono ba sa ƙara yurik asid.

Lemon kwalba da sauran abin sha masu yawan suga suna ƙara haɗarin tsakuwa. Kuɗin kwalba ɗaya zai sayi lemon tsamin kwana da kwanaki. Haka nan kada a sayi manyan ƙwayoyin bitamin C a kemis a riƙa sha ba da izinin likita ba, domin jiki yana juya rarar zuwa okzalet.

Ga yadda cefanen yini ɗaya zai iya kasancewa. Da safe koko ko kunun gero da madara, da dafaffen ƙwai ko ƙosai. Da rana shinkafa da wake, da yankakken kabeji da tumatir, ko dambu da ganyen da aka tafasa aka tsane. Da la'asar fura da nono ko yankan kankana. Da dare tuwo miyar kuka ko ta kabewa da daddawa da ɗan kifi. Ruwa kuma a kowane zama. Babu ko ɗaya a ciki da sai an je babban kanti.

Tsakuwar mafitsara a ƙananan yara

Akwai wata tsakuwa da ke kama yara 'yan ƙasa da shekara goma, galibi maza, a ƙasashe masu zafi inda abincin yara ya dogara ga hatsi zalla. Ana ganinta a yankinmu na Sahel, da Sudan, da wasu sassan Asiya. Shekaru ɗari biyu da suka wuce ta yi yawa a Ingila, musamman yankin Nofok, amma da abincin yara ya inganta suka samu madara, sai ta ɓace. A shekarun 1960 masu bincike a arewa maso gabashin Tailan suka lura cewa ciwon ya fi yawa a ƙauyukan da ake fara ɗura wa jarirai shinkafa tun suna 'yan kwanaki.

Abin da ke faruwa shi ne, yaron da ke rayuwa a kan koko ko kunu tsura ba ya samun isasshen sinadarin fosfet da ke cikin nono da ƙwai da kifi. Wannan yana sauya fitsarinsa. Idan gudawa da zazzaɓi suka zo suka ƙafar da ruwan jikinsa, sai yashi ya taru a mafitsara. Irin tsakuwar da ke fitowa ma dangi ɗaya ce da ta karen da muka ambata, sai dai shi gado ya ja masa, yaro kuwa abinci ne, abinci kuma ana iya gyara shi.

Kariya tana farawa tun ranar haihuwa. A ba jariri nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwa, ba koko, ba jiƙo, domin nonon yana da duk ruwan da yake buƙata ko da a bazara ne. Daga wata shida a fara ba shi abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Kunun yaro kada ya zama tsararo: a yi shi da kauri, a sa madara, ko garin waken suya da aka soya, ko gyaɗa, ko garin kifi, a riƙa ba shi ƙwai. Idan gudawa ta kama shi, a fara ruwan gishiri da suga na leda nan take tare da ƙwayar zinki, kada a daina ba shi nono.

Ki kula idan yaro yana kuka lokacin fitsari, yana jan gabansa, fitsarin yana fitowa ya tsaya ya sake fitowa, ko da jini a ciki. Jini a fitsarin yaron da ke wanka a rafi ko kududdufi yana iya zama tsargiya, wadda ita ma ke lalata mafitsara ta kuma share wa tsakuwa hanya. Ba alamar balaga ba ce, ciwo ne, kuma yana da magani a asibiti.

Araha ba ta ado

Neman sauƙi daban, sayen abin da ba a san asalinsa ba daban. A shekarar 2008 a ƙasar Sin, wasu masu haɗama suka zuba sinadarin melamin a madarar jarirai don ta nuna kamar tana da abin gina jiki da yawa. Yara kusan 300,000 suka kamu da matsalar ƙoda da tsakuwa, shida suka rasu. Shekara ɗaya kafin nan, a 2007, irin wannan sinadari a cikin abincin dabbobi ya kashe karnuka da kyanwoyi a Amurka. Don haka idan lalura ta sa za a sayi madarar jarirai, a sayi wadda ke rufe, mai lambar hukumar NAFDAC da kwanan watan lalacewa. A guji wadda ake aunawa a buɗe, ba suna ba lamba.

Haka batun magungunan da ake tallatawa a tasha da kasuwa da sunan wankin ƙoda ko narkar da tsakuwa. Ba a san abin da ke cikinsu ba, ba a san adadinsu ba, wasunsu kuma ƙodar suke kashewa. Mai ciki ta nisance su.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Kada a jira ranar awo idan mai ciki ta ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ciwo mai tsanani a kwiɓi ko baya da ke gangarowa mara.
Zazzaɓi da rawar sanyi tare da ciwon kwiɓi.
Jini a fitsari, ko zafi da raɗaɗi wajen fitsari.
Amai da ya hana ruwa zama a ciki.
Fitsari ya ragu ƙwarai ko ya tsaya.
Mara tana ɗaurewa tana saki kafin lokacin haihuwa, ko motsin jariri ya ragu.

Zazzaɓi tare da toshewar hanyar fitsari abu ne na gaggawa, domin ƙwayoyin cuta na iya shiga jini cikin 'yan sa'o'i. Ko tsakar dare ne a taho.

A asibiti za a auna fitsari da jini, a yi hoton sikanin irin wanda ake duba jariri da shi, wanda ba ya cutar da ciki. Tsakuwar da ba ta wuce milimita 5 ba galibi takan fita da kanta idan aka samu ruwa da maganin rage zafi, kuma haka abin ke ƙarewa ga mafi yawan masu ciki. Idan ta ƙi fita, ana iya sa siririn bututu ya buɗe hanya har a haihu, ko a shiga da na'ura ta hanyar fitsari a ciro ta ba tare da yanka ba. Na'urar da ke farfasa tsakuwa daga wajen jiki kuwa ba a amfani da ita ga mai ciki.

Kada a sayi maganin ciwo irin su ibufurofen da daikulofenak a kemis a ba mai ciki, musamman daga wata na biyar, domin suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake kwance a ciki. Farasitamol ne aka fi amincewa da shi kafin a iso asibiti. Idan tsakuwar ta fita a gida, a tace ta da tsumma mai tsabta a kawo, domin sanin irinta ne zai nuna abincin da ya kamata a kiyaye. Idan kuma aka ba ki maganin sanyin fitsari bayan awo, ki shanye shi duka ko da ba ki jin komai.

Kira ga maigida da uwar miji

Maigida, kai ke riƙe da kuɗin cefane. Kuɗin da ke tafiya a lemon kwalba da dunƙule, idan ka mayar da shi ga nono, ƙwai da lemon tsami, ka yi wa iyalinka rigakafin ciwon da aikinsa ke cin dubbai. Ka tabbata akwai tsabtataccen ruwa a gida, kuma ka bar izini tun yanzu cewa duk lokacin da ciwo ya taso a wuce asibiti ko ba ka nan.

Hajiya uwar miji da sauran iyayenmu mata, ku ke kula da mai jego. Wankan ruwan zafi da zaman ɗaki mai ɗumi suna fitar da gumi da yawa, ga shayarwa tana jan ruwan jiki. Ku ajiye mata ruwan sha a kusa da ita, ku rage kanwa a kunu, ku kuma taya ta tsayawa a kan nono zalla har jariri ya cika wata shida.

Wadda ta taɓa yin tsakuwa, ko akwai mai yi a gidansu, ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya tun ranar awon farko don a rubuta a katinta. Allah ya raba lafiya, ya raya abin da za a haifa.